Dutsen da Na Kushe

Mahaifiyata 'yar kasuwa ce, a gindin teburinta na girma. Man gyaɗa da daddawa take sayarwa a tsohuwar kasuwar Gombe, amma a wajen saye aka fi saninta. Masu kawo gyaɗa daga ƙauye in sun hango ta tafe sai su fara gyara zama, don sun san yau akwai aiki. Dokarta ɗaya ce, kuma tun ina 'yar mitsitsiya ta dasa mini ita: abin da kike so, kada idonki ya nuna. Ki ɗaga shi, ki juya, ki taɓe baki, ki nemo masa aibi ko da ba shi da shi. Yabo kuwa ki ajiye wa wanda ba za ki saya ba, don mai kaya ya ɗauka can hankalinki yake. Na taɓa shan mari a gaban mutane don na ce wani ɗankwali ya yi kyau tun ba a yi ciniki ba. Daga ranar bakina ya koyi hankali, ko in ce ya koyi abin da na ɗauka hankali ne.

Na yi makarantar mishan, na koyi buga tafireta, na samu aiki a wani ofishin gwamnati. Shekarar da zan yi aure ita ce shekarar da kuɗin mai ya fara zuba, aka ƙara wa ma'aikata albashi har da na watannin baya a dunƙule. Gombe ta rikice. Masinjan ofishinmu ya sayi babur bai iya hawa ba, kwana uku yana tura shi zuwa aiki. Wani maƙwabcinmu ya sayi firji alhali babu wutar lantarki a gidansa, matarsa ta riƙa jera kwanuka a ciki. A cikin wannan iskar ce zoben alkawari ya shigo mana, mu 'yan matan coci. Iyayenmu ba su san shi ba, su da awaki da fartanya aka nemi aurensu. Mu kuwa mun ga zobe a hannun Turawan mishan, mun ga wata a ofis saurayinta ya kawo mata mai lu'ulu'u daga Kano, shi ke nan kowa ta ɗaga yatsa tana jira.

Wanda zan aura malamin firamare ne a Bolari. Shi Batangale, ni Waja, don haka Hausa muke yi a tsakaninmu, kuma Malam nake ce masa kamar yadda kowa yake ce masa. Mutum ne mai sanyi, maganarsa ɗaiɗai, abin da ka faɗa masa shi yake ɗauka, ba ya leƙa bayan magana. Mahaifinsa ya yi aikin haƙar kuza a Jos, nakiya ta tashi ta cinye masa idanu biyu, ya dawo ƙauye makaho, ya rasu tun Malam yana kwalejin horon malamai. Sau ɗaya ya ba ni wannan labari, a gajarce, kuma ban manta ba. Ina faɗin haka ne don kada wani ya nema mini uzurin rashin sani.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna tafiya a ƙasa, ya tambaye ni ko ni ma lu'ulu'un nake so.

Na ce, “Wane lu'ulu'u? Wancan na ofis ɗinmu bai kai ƙwayar gero ba, sai ta kai maka shi bakin hanci kafin ka gani, kuma kuɗinsa ya kusa na babur. Ni dutse mai launi nake so, wanda in ina buga tafireta za a hango shi daga bakin ƙofa.”

Na ga fuskarsa ta washe. Ya ce ya san wani maƙeri a Kumbiya-Kumbiya mai aikin azurfa, yana da duwatsu, ran Asabar za mu je in zaɓa da kaina.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Mahaifinsa, kafin nakiyar, ya tsinci wani dutse shuɗi a cikin ramin kuza, ya ba wani Bature mai aikin duwatsu ya goge masa shi. Shi kaɗai ne abin da ya dawo da shi daga Jos, kuma ya bar wa Malam wasiyya ya sa wa matarsa. Malam kuwa ba ya so in karɓa don kunya. So yake in gan shi a cikin wasu duwatsu, in miƙa hannu in ɗauka da kaina. Saboda haka tun ran Alhamis ya kai wa maƙerin, ya roƙe shi ya cuɗa shi da nasa, kada ya ce komai. Ni na tafi ciniki, shi ya tafi ya ga ko idona zai sauka a kan abin da ubansa ya bar masa.

Da hantsi muka isa a kan babur ɗin Malam. Maƙerin dattijo ne mai farin gemu, a zauren gidansa yake aiki, ga zugazugi a gefe, ga ƙaramar uwar maƙera a gabansa, ga ƙananan awartaki a jere a kan fata. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dube ni ya yi murmushi.

“Wannan ce amaryar tamu? Malam, ka iya zaɓe. Zauna, 'yata, tabarmar ba ta cizo.”

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance wani ƙulli ya zuba duwatsu biyar. Akwai murjani, akwai wani ja mai duhu irin na tsakiyar wuya, akwai kore da ya ce alhazai ke zuwa da shi, akwai wani ruwan zuma. Na biyar ɗin shuɗi ne mai haske, kamar ruwan bula da aka tsinka, girmansa kamar ƙwayar wake, kana ganin zaren ƙyallen ta cikinsa. Ban taɓa son wani abu na duniya farat ɗaya kamar yadda na so dutsen nan ba, har yau ɗin nan da nake rubutu.

Sai 'yar mahaifiyata ta tashi a cikina. Na kawar da ido, na ɗauki jan na ɗaga shi.

“Kai, Baba, wannan ya yi. Dubi yadda ya nuna. Wannan ai shi ne dutse.”

Maƙerin ya ce, “Yana da kyau. Amma duba sauran, 'yata, ba a gaggawa a zoben aure.”

Na taɓa koren, na taɓa murjanin, sannan na tura shuɗin da farce kamar mai ture tsakuwa daga cikin shinkafa.

“Wannan kuma fa? Kwalbar magani ce ta fashe aka goge muku?”

Malam yana zaune a damata, ban dube shi ba. Mai ciniki ba ta duban wanda ta zo da shi, haka aka koya mini. Maƙerin ya ɗauki dutsen ya sa mini a tafin hannu.

“Fita da shi bakin zaure ki ɗaga a rana. Ki duba da kyau, don Allah.”

A raina na ce, to, tsohon nan ya gano ni, yanzu zai tsuga kuɗi. Dole in ƙara wuta. Na fita, na ɗaga shi a rana, hasken ya ratsa shi ya zubo shuɗi a kan yatsuna. Na dawo na ajiye shi a kan ƙyallen, na taɓe baki, na kakkaɓe hannu.

“Ba launi, ba nauyi. Baba, wannan ai sai makaho ya saya.”

Magana ce ta kasuwa, na ji ta sau dubu a bakin mahaifiyata, a kan gyaɗa, a kan atamfa, a kan akuya. Ko ɗar ban ji ba da na faɗe ta. Maƙerin ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. Can sai na ji muryar Malam, a hankali kamar kullum.

“Baba, a sa mata jan.”

Na taka masa ƙafa a ɓoye. Bai motsa ba. Na yi gyaran murya na ce, “Tsaya mana, Malam, ai sai mu ji kuɗin kowanne. Shi wannan na kwalbar nawa ne, ko don dariya?”

Maƙerin ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Sai dattijon ya ɗauke shuɗin ya ƙulle shi a gefen ƙyalle, ya ce, “Wannan an riga an yi maganarsa, 'yata.”

Ni kuwa na ce wannan ma dabara ce, na san ta. Ya auna yatsana da zare, ya faɗi kuɗin jan da na azurfa da na aiki, Malam ya ce ya amince ko tayi bai yi ba. Muka yi sallama. Na riƙa jan ƙafa a bakin zaure, ina gyara ɗankwali, ina jiran a ce, dawo, 'yata, nawa za ki ba da? Haka ake yi a kasuwa, mai kaya ba ya barin mai saye ya sha kwana. Ba wanda ya kira ni.

A kan babur na sauke masa kwandon faɗa. Na ce ya biya kamar Bature, na ce ya zubar mini da ciniki, na ce in haka zai riƙa sayayya to gara ya bar mini cefane har abada. Duk na faɗa, ban da abu ɗaya: ban ce masa shuɗin nake so ba. Haushi ya hana ni. A ganina namijin da zai aure ni ya kamata ya gane da kansa, kuma na riga na yabi jan a gaban dattijo, in na janye sai a ce yarinyar ba ta san abin da take so ba. A haka ya sauke ni a ƙofar gidanmu. Na ce gobe zan faɗa masa. Gobe ta zo na ce jibi. Kafin mako ya zagayo zobe ya fito, fasto ya yi addu'a a kansa a gaban iyaye, aka sa mini, mata suka yi guɗa. Daga nan kuma wa zai ce a canja?

Ba zan yi wa jan zoben ƙarya ba, yana da kyau daidai gwargwado, kuma a ofis an yaba. Aurenmu ma lafiya lau, Malam bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni ce mai ɗagawa. Sai dai na lura ba ya duban hannuna na hagu. In na miƙa masa ruwa da shi, kofin yake kallo. Na ɗauka halin maza ne.

Bayan shekara huɗu, ina da 'ya'ya biyu, jiki ya buɗe, zoben ya fara cin yatsana. Wata Asabar na bar yaran wajen mahaifiyata na tafi Kumbiya-Kumbiya a faɗaɗa mini shi. Dattijon yana nan, gemun ya ƙara fari. Ina durƙusawa gaisuwa idona ya sauka a kan fatar da ke gabansa. Ga shuɗin dutsen nan zaune a cikin sabuwar azurfa, saura gogewa kawai.

Wannan karon ban yi dabara ba. Na ce, “Baba, ashe yana nan! Ko nawa ne zan saya. Wallahi tun ranar nan shi nake so.”

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya daɗe yana dubana.

“Na sani, 'yata. Na tsufa a sana'ar nan, na san mai kushe don ƙi, na san mai kushe don so. Amma dutsen ba nawa ba ne, bai taɓa zama nawa ba. Na surukinki ne, mahaifin mijinki.”

Ya ba ni labarin duka, yadda Malam ya kawo shi, yadda ya roƙe shi ya yi shiru. Ya ce Malam ya gaya masa cewa bayan tsohon ya makance, kullum dutsen yana aljihunsa, in ya zauna a inuwa sai ya fito da shi yana murzawa, yana tambayar yara ko har yanzu shuɗi ne. Ina jin haka maganar da na yi ta dawo mini, kalma bayan kalma, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, “Baba, me ya sa ba ka gaya masa ciniki nake yi ba?”

“Na gaya masa. Washegari da ya zo karɓa na zaunar da shi, na ce Malam, yarinyar nan 'yar kasuwa ce, idonta na kan shuɗin, bakinta ne kawai ke kan jan. Ya ce mini, Baba, ko da ciniki ne, duk ranar da na gan shi a hannunta maganar zan riƙa ji. Ya sa shi a aljihu ya tafi.”

“To yanzu wa ake yi wa?”

“Ƙanen mijinki ne ya kawo shi makon jiya. Zai yi alkawari da wata yarinya a Tudun Wada.”

Na san da maganar auren, har an sa rana, kuma ni ce matar wa, ni zan jagoranci mata mu kai kaya. Zoben ne kawai ba wanda ya yi mini zancensa. Na bar nawa a wajen maƙerin na fito, ban ma tambayi yaushe zan dawo ba.

Na tarar da Malam a tsakar gida a gindin darbejiya, yana duba littattafan 'yan ajinsa da jan biro. Na tsaya a kansa, rabi kunya rabi haushi, don ni ko laifina ne sai na nemi wanda zan yi wa faɗa.

“Daga Kumbiya-Kumbiya nake. Me ya sa ba ka ce mini dutsen na Babanka ne ba?”

Ya rufe littafin a hankali. “Da na faɗa, da kin karɓa don kunya.”

“Ina son shi! Tun da aka zuba shi a kan ƙyalle nake son shi. Ciniki nake yi, Malam, ciniki! Kai ba ka san ciniki ba ne?”

“Ban san shi ba,” in ji shi. “A gidanmu ba mu da abin sayarwa. In mun ce abu ya yi kyau, to ya yi ne.”

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a kan babur, kuma na yarda, don bai iya ƙarya ba. Sai na ce to ya je ya karɓo, a ba ƙanensa jan, ko in saya wa yarinyar lu'ulu'un ma in tana so. Ya girgiza kai.

“Na mayar wa Mama shi tun a lokacin. Na ce mata kin riga kin ga wani kafin in nuna miki, ban ce mata komai ba bayan wannan. Ita ta ba ƙanena. Kuma ya riga ya nuna wa yarinyar, ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Yaya zan je in ce ta cire rai?”

Ya ɗauki wani littafin ya buɗe, amma na ga biron bai taɓa takarda ba har na tashi.

Ranar kai kaya, a hannuna aka danƙa zoben, a ƙulle cikin farin hankici. Tun daga Bolari har Tudun Wada yana cikin tafina, ban buɗe ba, don na san in na buɗe zan gwada. Maza suka zauna a rumfa a waje, mu mata muka shiga ciki, zana ce kawai tsakaninmu da su. Surukata ta zo daga ƙauye, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune. Aka fito da yarinyar, 'yar siririya mai kunya, ko kai ba ta iya ɗagawa. Na kwance hankicin, mata suka matso suna leƙe. Sai surukata, da zuciya ɗaya, ta dube ni ta ɗaga murya.

“Ke 'yata, ke ce kika san kaya, 'yar kasuwa. Faɗa mana gaskiya, ya yi ko bai yi ba?”

Na dubi dutsen, na dubi zanar. Na ɗaga murya fiye da yadda ake bukata a tsakar gida ƙarami irin wannan.

“Mama, tun da nake ban taɓa ganin dutse mai kyansa ba. Wanda ya tsinto wannan mai ido ne.”

Tsohuwar ta sa gefen zane ta rufe fuska. Mata suka ɗauki guɗa, na kama hannun yarinyar na ajiye mata zoben a tafi, na naɗe yatsunta a kai. A waje maza suna ta hira da dariya, ban iya tsinto muryarsa a ciki ba.

Da aka watse ya ɗauko ni a babur. Na ƙura wa ƙeyarsa ido ina jira. A wajen tasha ya ɗan juyo ya tambaye ni ko mu biya mu saya wa yara rake, na ce mu biya. Mun ƙara shekara talatin da ɗoriya tare bayan wannan rana, kuma ni da ba a rasa magana a bakina, har ya rasu ban iya tambayarsa ko ya ji ba.